Shuɗin Zanin Goggo

Shekarar da na gama karatu ina zaman jiran aiki, ni da wani abokina muka ce sai mun yi fim. Shi malamin sakandare ne, mutumin kudancin Adamawa, yana haya a unguwar Damilu da ke Jimeta. Yana da 'yar kyamarar bidiyo da yake ɗaukar bukukuwa da ita ranakun Asabar. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne hotonta, tar yake fita kamar labaran talabijin. Mu kuwa irin na silima muke so, mai taushi, mai ɗan tsaki-tsaki a jikinsa.

Labarin wata tsohuwa ne mai jiran ɗanta ya dawo gida. Ba mu da halin ɗauko 'yar wasa, sai na shiga cikin Yola na roƙi Goggo, yayar mahaifina. Da ƙyar ta yarda. Kafin mu zo, ta sa an yi wa katangarta sabon fenti, ta jera kwanukanta na samira, ta ɗaura shuɗin zanin da ta zo da shi daga Makka.

Abokina ya yanko siririyar safar ƙafa ta mata ya ɗame bakin kyamarar da ita. Ba ma ɗauka sai bayan la'asar, idan rana ta yi sanyi. Daga nan muka tare a gaban kwamfutarsa muna rage launi, muna ƙara duhu. Da muka gama, katangar ta koma kamar ba a taɓa kula da ita ba. Murna har kunne.

Ranar da muka kai mata, Goggo ta tara maƙwabta a ɗakinta. Ana cikin kallo wata ta ce, "Ayya, gidan ya ba ni tausayi." Sai da kowa ya watse Goggo ta kira ni.

"Ina shuɗin zanina?"

Na ce, "Goggo, haka ake yin fim. Shi ne kyansa."

"Waɗanda ba su san ni ba za su kalla?"

"In Allah ya yarda."

"To, za su ce 'ya'yan ƙanena sun bar ni a kango."

A hanyarmu ta komawa Jimeta na ce wa abokina a mayar da launin. Ya ce ainihin abin da muka ɗauka ya riga ya goge, don ya samu wurin ajiye wani biki. Ya ƙara da cewa ko da yana nan ba zai taɓa ba, bai taɓa yin aikin da ya kai wannan ba. Muka yi cacar baki har mai Keke Napep ya sa baki.

Ya ci gaba da nuna wa mutane, na ji ana yabawa. Ni ban sake kallo ba, gaisuwarmu ma ta koma ta bakin hanya.

Goggo ba ta ƙara tayar da zancen ba. Amma tun daga lokacin, idan an taru da Sallah wani ya ɗaga waya zai ɗauki hoto, sai ta tashi ta shige ɗaki, ta ce za ta duba wani abu.