Taurarin da suka kori Kaka

Ƴan uwa, yau saura kaɗan a harbe Kakata saboda taurari!

Kafin asuba na fito tsakar gida, na ɗaga kai. Subhanallahi! Taurari na ta zubowa ta wajen kogin Komadugu kamar ana sheƙar gero mai haske. Na ruga ɗaki na ce, "Kaka, taso ki ga ikon Allah!"

Ta fito, ta dubi sama sau ɗaya. Sai ta ce, "Sun iso!"

Kun san ƙunshin da take ajewa bakin ƙofa tun da muka guje wa mahara muka bar gonar tattasai? Ta sure shi ta faɗa titi. Ga dokar hana fita ba ta ƙare ba!

Ina bin ta ina kuka, "Kaka, ba harsashi ba ne!"

Sai fitilar motar soji. "Tsaya! Aje abin da ke hannunki!" Na ji an ɗana bindiga. Kaka ta ƙara ƙanƙame ƙunshin.

Na durƙusa na ce, "Don Allah, tsohuwa ce! Zannuwa ne kawai!"

Sojan ya sa na kwance ƙunshin a ƙasa. Ya ce, "Ku koma gida. Mu ma mun zata su ne."

Yanzu tana zaune bayan ƙofa, ta ƙi cin komai. Na ce, "Kaka, ba ke kika koya mini shaiɗanu ake jifa da su ba?"

Ta ce, "A da ke nan, Fanna. Yanzu duk abin da ya haska sama, mu ake jifa."