Motar da Ta Ci Mai Kwalli

Damina ta biyu bayan an daina fam an koma naira, wata safiya ranar kasuwar Gwaram, ina tsaye a gangaren ƙofar gidanmu a wani ƙauye da ke bayan Kangire, riƙe da igiyar hancin shanunmu biyu na huɗa. Shekarata goma sha ɗaya. An kwana ana ruwa, ƙasa ta yi santsi, mata uku da wani mai sayar da barkono suna tsaye a gindin dalbejiya da kayansu, suna jiran a tayar da mota. Motar kuwa tana bayan shanun, an ɗaure ta da sarƙa a jikin karkiya, domin da haka muke tayar da ita. Abu ɗaya ne ya bambanta ranar da sauran ranaku: Baba ne zaune a bayan sitiyari, wurin da ban taɓa ganinsa ba.

Babanmu manomi ne mai rufin asiri, rumbunansa uku ba sa rabuwa da gero da dawa. Sai wata shekara ya je Kano ya tarar ana gwanjon tsofaffin motocin daji, irin dogayen nan masu jan tayoyi huɗu da malaman gona ke shiga ƙauyuka da su. Ya dawo ya kasa barci. Tunaninsa shi ne da damina manyan motoci ba sa iya shiga ƙauyukan da ke tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, wanda duk yake da mai ratsa taɓo shi ke da kasuwa. Ya sayar da gyaɗar shekara biyu, ya haɗa da gonarmu ta fadama, ya sayo ɗaya. Ranar da ta iso har guɗa aka yi. Ni kuwa a makaranta na zama ɗan gata, ko langa za a yi kowa so yake ya shiga ɓangarena, kuma duk motar karan da yaro zai ƙera sai ya kawo mini in duba ko ta yi kama da tamu. Baffa Sale, ƙanen Baba, wanda ya taɓa zaman yaron mota a Kano har ya iya tuƙi, shi aka danƙa wa mukulli.

Ba a yi wata uku ba muka gane abin da muka kawo gida. Fetur take sha kamar an huda ta. Taya ɗaya ta fashe a kan kututture, tumakin Inna uku suka tafi. Giya ta ƙi shiga, aka buɗe rumbu tun bazara ba ta yi ba. Kayan gyaranta kuma ba a samun su a Birnin Kudu, sai makanike ya aika Kano, a yi sati biyu tana zaune a ƙofar gida kaji suna fakewa a ƙarƙashinta. Inna ta raɗa mata suna Cima-zaune, in Baba ya fara ƙorafi sai ta ce can ƙasa-ƙasa, “Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.” Mutumin da muka sani da raha ya koma mai saurin hannu. Na ga ranar da ya yi jifa da akushin tuwo har ya rabe biyu, don kawai ƙanwata ta tambaye shi ko motar ta warke.

Da batir ya mutu, aka ji abin da sabo zai ci, sai Baba ya ce a bari tukuna, ai muna da shanu. Shanun nan kuwa a hannuna suke. Akwai Baƙi, mai taurin kai, akwai kuma Mai Kwalli, fari tas, idanunsa zagaye da baƙi kamar an rambaɗa masa kwalli. Tun yana ɗan maraƙi nake jiƙa masa dusa da kanwa, in cire masa kaska, in kai shi rafi bayan an tashi daga makaranta. Idan na yi fito daga bakin zaure yana turke sai ya amsa. Har harawar Baƙi nakan ɗiba in ƙara masa, kuma ban taɓa jin kunyar wannan son kai ba. To su aka mayar batir. Kullum da safe sai in ɗaura musu karkiya, a maƙala sarƙa a gaban mota, su ja ta a gangare. Da injin ya yi tari ya kama, Baffa Sale sai ya danne kuloci da birki, ni kuma in janye shanun gefe. Sarƙar doguwa ce, ta kai gaba goma, saboda haka ko motar ta ɗan zabura akwai tazara tsakaninta da ƙafafunsu.

Sai sifirin baya, ƙarfen da ke ɗauke da nauyin motar, ya karye a hanyar Farin Dutse. Maimakon a sayi sabo, Baba ya sa aka datse fiye da rabin sarƙar aka ɗaure sifirin da ita. Baffa Sale ya ce shi ba zai tayar da mota da guntuwar sarƙa ba, magana ta yi zafi a zaure, har ya ce wa yayansa, “Yaya, wallahi motar nan ta fi ƙarfinka, ka sayar da ita tun muna da abin ci.” Baba ya ɗauki sifana ya kwaɗa masa a goshi. Jini ya wanke masa fuska ya sauko har kan rigarsa. Baffa bai rama ba, ya jefar da mukullin a ƙasa, ya kama hanyar Birnin Kudu da ƙafa. Abin da ya sa washegari Baba ya hau kujerar direba ke nan, alhali duk tuƙin da ya sani na kallo ne.

Ya leƙo ya ce, “Habu, ja mu je.” Na kaɗa shanun, suka sunkuyar da kai suka ja, tayoyi suka fara juyawa a cikin taɓo. Injin ya yi tari sau biyu, a na uku ya kama da wata irin ƙara da ban taɓa ji ba, motar ta yi tsalle ta taho. Na fizgi igiya iya ƙarfina. Baƙi ya goce, amma Mai Kwalli yana ɓangaren da ƙarfen gaban motar ya fi kusa. Ya same shi a ƙafafun baya, na ji ƙarar ƙashi kamar an karya busasshen icce a gwiwa. Ya zube, motar ta hau kan cinyarsa ta tura shi cikin taɓo, karkiya ta murɗe wuyan Baƙi ya faɗi yana shure-shure, sannan injin ya mutu. Matan nan suka sa salati. Mai Kwalli ya yi ta yunƙurin tashi da ƙafafun gaba, na baya kuwa suna jan ƙasa, farin ƙashi ya huda fata ya fito. Kukan da yake yi ba irin na shanu ba ne.

Mai barkono ne ya fara cewa, “Malam, a kawo wuƙa kada ya zama mushe!” Baba ya diro ya shiga gida a guje ya fito da wuƙar layya. Maza huɗu suka danne Mai Kwalli, aka juya shi gabas. Sai fizge-fizge yake yi ya ƙi kwanciya, har Baba ya daka mini tsawa ya ce in riƙe masa kai tunda ni yake ji. Na durƙusa na rungume ƙahonsa, na yi masa fiton da na saba, ya yi shiru yana kallona. A haka aka yanka shi. Jinin ya feso mini a ƙirji da ɗumi, ya bi ruwan gangare har gindin dalbejiya.

Na miƙe ban san inda hankalina yake ba, na ɗauki dutse na rotsa gilashin gaban motar. Baba ya kwance igiyar hancin Mai Kwalli, ya ninka ta biyu, ya hau ni da duka a gaban mutane, yana cewa, “Kai ka kashe shi! Me ya hana ka janye su?” Ya dake ni har igiyar ta tsaga mini baya, sai da Inna ta fito ba mayafi ta faɗa a kaina sannan ya bari. Tabon yana nan har yau. Amma maganar ta fi dukan zama a jikina, domin na yarda da ita. Na yi shekaru ina sake fizgar igiyar nan a raina, ina cewa da na yi sauri kaɗan.

Kafin azahar mahauta sun zo sun kwashe naman, da abin da suka bayar aka sayo batir. Motar ta koma tashi da mukulli, aka ɗauko wani direba, ta yi damina ɗaya tana aiki, sannan injin ya buga gaba ɗaya aka ɗora ta a kan duwatsu. Baƙi ya ƙi huɗa da kowane sa, aka sayar da shi, muka koma garmar hannu. Ni da Baba muka ci gaba da zama, ina gaishe shi yana amsawa, amma ban ƙara yin fito a gidan ba.

Sai da ya tsufa, ni ma ina da ’ya’ya, wata rana da la’asar muna zaune a ƙofar gida kusa da gangar jikin motar da tsatsa ta cinye, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, “Habu, totur na taka, na ƙara wa motar wuta. Na ɗauka kuloci ne. Tun a lokacin na sani.” Na tashi na zuba masa ruwan alwala. Yanzu an yi kwalta ta wuce kusa da ƙauyenmu, manyan motocin daji masu baƙin gilashi suna wucewa fuu, yara suna bin su da ido kamar yadda muka bi tamu. Ni kuwa in na gan su ba kyansu nake gani ba, tambayar kaina nake yi me suka ci a gidajen da suka fito. Na yafe wa Baba tun ranar da ya yi maganar. Motar ce har yau ban yafe wa ba.