Makullin Kalisto

A Tarauni ba kowa ne yake iya faɗin sunan Callistus ba, shi ya sa aka ce masa Kalisto, shi kuma ya amsa. Mai walda ne. Shagonsa yana Gyaɗi-Gyaɗi, bakin titin Zariya, inda yake haɗa ƙofofi da gadajen ƙarfe. Ibo ne, amma a Kano aka yaye shi, in yana magana daga bayan katanga ba ka cewa ba ɗan cikin gari ba ne. Shi da matarsa Nkiru da 'ya'yansu suna haya bango ɗaya da Baba Lawan, tsohon masinja da ya yi ritaya yana sayar da goro a zaurensa.

Abu ɗaya ne Kalisto ba ya gajiya da faɗa. Yana firamare, ƙungiyar sikawut ta kai su bakin ruwan Tiga, suka kafa tanti suka kwana, da safe ya leƙo ya ga ruwa har iyakar ganinsa. Tun daga ranar yake cewa sai ya kai iyalinsa. Amma zamanin soja ne. Mai ya yi wuya, hanya duk shinge, kuma mutum da tanti da adda a bayan mota, wa zai tsaya ya saurari bayaninsa? Sai ya ce ranar da soja suka koma bariki zai tafi. Kafin nan ya samo tsohon tamfol na babbar mota, ya kai aka ɗinke, ya yi masa sanduna da guntayen bututu. Shekaru tantin yana naɗe a saman silin, muna yi masa dariya.

Aka miƙa mulki ga farar hula a 1999. Da damina gari ya ɗan yi zafi tsakanin 'yan arewa da 'yan kudu, waɗanda suke nan sun sani, ba sai na ja maganar ba. Da kaka ta yi, hankali ya fara kwanciya, Kalisto ya sauko da tantinsa ya kakkaɓe, ya yi magana da mai bas.

Kalma ɗaya ce ta jawo abin da ya biyo baya. Nkiru ta shiga wurin Kubura, matar Baba Lawan, aron babbar tukunya. Kubura ta tambaye ta ina zuwa. Nkiru kuwa ta taɓa tambayar wani malamin makaranta yadda ake kiran wurin da aka kafa tanti da Hausa, ya gaya mata. Sai ta ce, fuskarta a sake, "Sansani za mu, mu duka."

Kubura ta ba ta tukunyar. A unguwarmu in aka ce sansani, ba wanda yake tuna bakin ruwa. Abin da ake tunawa shi ne mata da ƙunshin kaya a filin bariki. Kafin la'asar maganar ta kai Darmanawa, ta kai Unguwar Gano: su Kalisto sun ji wani abu, za su gudu. Wasu gidajen 'yan kudu suka fara ɗaure kaya. Mai shagon kusurwa ya rufe tun rana tana sama.

Da safe bas ya tsaya a ƙofar gida, ana loda tabarmi da fitila da tukwane, mutane suna tsaitsaye daga nesa. Kalisto ya shiga zauren Baba Lawan ya gaishe shi, ya miƙa masa makullin gida saboda kajin Nkiru.

Baba Lawan bai miƙo hannu ba. Ya ɗaga kai ya dubi bango. Akwai wata ƙusa a can sama da faifan goro, da makullai rataye a jikinta, wasu sun yi tsatsa. Duk na maƙwabta ne da suka taɓa cewa, "Riƙe mana, Baba, sai mun dawo."

"Ƙusar nan ta cika, Kalisto," in ji shi. "Me ka ji?"

"Ban ji komai ba, Baba. Tiga za mu, mu sha iska, mu kama kifi."

"Kifi. Ga shi nan a kasuwar Tarauni, har a soye. Mutum da ɗakinsa da fankarsa ya kwashi yara ya je ya kwanta a ƙasa, ya kai wa sauro kansa har gida? Faɗa min wata."

Nkiru, wadda ta biyo mijinta, ta riga ta gane ɓarnar da bakinta ya yi. Ta ce wa Kalisto a hankali su fasa, in suka tafi rabin layin zai bi bayansu zuwa tasha.

Kalisto ya juya makullin a tafin hannunsa. Can ya ce, "In na fasa yau, to, sojan bai tafi ba ke nan." Ya juya ga tsohon. "Baba, ɗauko butarka da dardumarka."

"In yi me?"

"Ka zo ka ga sansanin. Ka shiga gaban mota inda kowa zai gan ka. Wanda zai gudu ba ya tafiya da mai goron unguwa."

"Ni da ƙafar nan?"

"Ba a ƙafa za mu ba."

Baba Lawan ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya karɓi makullin, ya miƙe a kan benci, ya rataye shi da kansa a ƙusar. Ya ce wa Kubura ta kula da kajin. Ya fito da buta da darduma da rediyonsa, ya shiga gaban bas ya sauke gilashi, yana ɗaga wa mutane hannu kamar mai tafiya Makka. An ce motar ba ta kai Na'ibawa ba, masu ɗaurin kaya suka fara kwancewa.

A bakin ruwa tantin ya ba su wahala. Tamfol ɗin nauyi gare shi, yana warin gas, iska ta kayar da shi kafin ya tsaya. Kalisto ya sake buga turaku da dutse. Ya je ya tambayi masunta alƙibla, ya share wa Baba Lawan wuri mai laushi a gefe. Ƙugiyarsa kuwa ko tarwaɗa ɗaya ba ta kama ba, sai masuntan ne suka tausaya wa yara suka ba su karfasa.

"Da ka tsaya a waldarka," in ji Baba Lawan, yana zare ƙaya.

Amma da gari ya waye, bayan ya idar da sallah, bai naɗe dardumar ba. Ya zauna a kanta yana duban ruwan, rediyon a kashe a gefensa. Kalisto ya kawo masa shayi. Tsohon ya karɓa bai juyo ba, ya ce, "Ashe ba ƙarya kake yi ba."

Da suka dawo, yara sun yi baƙi, kowa da kurajen cizon sauro, layin yana nan yadda suka bar shi, shagon kusurwa a buɗe. Baba Lawan bai ko ajiye butarsa ba, ya hau benci ya sauko da makullin ya damƙa wa Kalisto. Makullin nan shi ne na farko da ya taɓa sauka daga ƙusar ya koma hannun mai shi.

Tun daga shekarar, da kaka ta yi sai Kalisto ya sauko da tanti. Wata shekara a samu mai binsa, wata shekarar shi da iyalinsa kawai. Nkiru ta daina cewa sansani, sai dai ta ce Tiga za su. Sauran makullan suna nan a bango. Kalisto yakan kawo ɗan baƙin mai daga shago, Baba Lawan ya sauko da su ɗaya bayan ɗaya ya goge, ya mayar.