Wayar da Ta Shaƙe Dashen Herminda

Duk shingen waya da ka ga ya miƙe sambal a gonakin ƙauyenmu, nan bakin rafi cikin lardin Entre Ríos, to aikin Don Nicasio Ledesma ne. Shekara arba'in ya yi yana kafa turaku yana jan waya. Shi a wurinsa babu abin da waya ba ta gyarawa. Ƙofa ta ɓalle, waya. Takalmi ya buɗe baki, waya. Har ƙafar tabaraunsa da waya take ɗaure. Matarsa Herminda takan ce, "Tsoho, ranar da na karye kada ka wahalar da likita, na san abin da za ka ɗauko."

Abu guda ya tsana a duniya, wata bishiya da ake kira baƙar akasiya, kuma ni ban ga laifinsa ba. Ƙayarta ta kai tsawon yatsa, kowace da 'ya'yanta a gefe, ta fasa tayar tarakta, ta gurgunta doki. Shanu kuwa ba sa ganin kwansonta su ƙyale, don zaƙi gare shi kamar zuma. Su ci, su je su kasayar da irin ko'ina, kafin ka ankara makiyaya ta zama kurmi. Ka sare ta, ta tofo gida biyar. Don Nicasio ne ya koya mana dabara: a sare ta ƙasa-ƙasa, a tsiyaya wa kututturen magani cikin man gas tun yana ɗanye.

To, maƙwabcinsa Don Braulio Sosa yana da wata ƙatuwa a ƙofar gida, a inuwarta yake shan shayin mate. Wata Lahadi a kantin da maza ke taruwa buga karta, Don Nicasio ya yi masa wankin babban bargo.

"Mu muna zubar da gumi a bakin rafi, kai kana kiwon uwar gayya a ƙofar gida! Duk ƙayar da ta soki dokin wani a garin nan jikar bishiyarka ce, Braulio. Malalacin banza, inuwa ta fi maka mutane!"

Aka kwashe da dariya. Don Braulio ya ɗauki hularsa ya fita. Washegari shi da kansa ya aika aka kira Don Nicasio, wanda ya zo da gatari ya kayar da bishiyar, ya tsiyaya gas, ya koma gida yana fito. Shekara goma sha ɗaya ke nan babu abin da ke haɗa su sai taɓa hula daga nesa.

Herminda ta rasu a watan Mayu, Allah ya jiƙanta. Cikin Oktoba, da itatuwa suka fara sabon ganye, Don Nicasio ya zagaya bayan akurkin kaji neman wata kaza mai ɓoye ƙwai. Ya ɗaga wani tsohon kwando, sai ga gwangwanin alewar dankali, an huda gindinsa da ƙusa, an cika shi da ƙasa gauraye da tsohon ganyen mate, yadda Herminda ke yi wa furanninta. A ciki ga ɗan tsiro bai fi taki ɗaya ba, ganyensa ƙanana a jere biyu-biyu. Ko a mafarki ya gan shi zai gane shi.

Nan take ya tuna sau nawa ta ce masa, "Tsoho, ko 'yar bishiya ɗaya mai saurin girma a bayan kicin, rana tana dafa ni." Shi kuwa kullum amsarsa ɗaya, zai kafa mata rumfar kwano. Bai kafa ba. Ashe shekara arba'in da uku da aure, sai da matar nan ta ɓoye masa ɗan tsiro a ƙarƙashin kwando kamar kayan sata. Kunya ta kama shi, shi kaɗai a gaban kaji. Ya kai hannu zai tumɓuke, hannun ya ƙi.

Ya dasa shi a bayan kicin, daidai tagar da Herminda ta saba tsayawa. Ya haƙa rami mai faɗi, ya rufe gindin da ciyawa, guga biyu duk mako daga rijiya. Sannan ya kewaye shi da tsofaffin kwanukan rufi, wanda ya tambaya ya ce tumatir ne. Wanzami dai ba ya son jarfa! Duk Lahadi ya sa filaya ya cire ƙayoyin da suka fito, ya jefa a murhu kada wani ya gani. Da iskar kudu ta fara kwantar da dashen, ya kafa masa turke, ya ɗaure da me? Da waya mana, zagaye uku, ya murɗe tam yadda ya saba. Ya naɗe buhu a kai saboda zomaye, ya manta da zancen.

Dashe ya yi ta girma, Don Nicasio yana ƙara kwano a kan kwano. 'Yan kanti suka samu abin yi. "Don Nicasio, tumatir ɗin nan naka da tsani za a tsinke shi?" Sai dai ya yi yaƙe.

A Janairu na uku, ana tsakiyar zafi, ganyen ya fara rawaya yana zuba. Ya ƙara ruwa, ya zuba kashin shanu, a banza. Ranar da ya kwance buhun sai ya ga ɓarnar. Wayar ta nutse cikin ɓawon, ba a ko ganinta, saman ya kumbura kamar maƙoƙo. Ya sa filaya zai zaro ta, ɓawon ya biyo. Ya zauna a ƙasa daɓas. Ya san hanyar kashe bishiyar nan ciki da waje, amma ta jinyarta ko ɗaya bai sani ba. Kuma duk garin mutum ɗaya ne ya taɓa zama da ita lafiya.

Sau biyu yana zuwa ƙofar Don Braulio yana juyawa. A na uku ya cije ya shiga. Ya tarar da shi zaune a kan baƙin kututturen nan, ya kafa tsohon tamfol yana kare rana.

"Barka da hutawa, Don Braulio."

"Barka kadai, Don Nicasio. Shingena ne ya faɗi?"

"A'a. Wata 'yar bishiya ce tawa ba ta da lafiya."

"Lemo?"

Don Nicasio ya cire hula yana murza bakinta. "Akasiya ce. Baƙar."

"Ɗaga murya, maƙwabci, kunnena ya tsufa."

Ya maimaita, yana ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Don Braulio ya zuƙe ƙoƙon matensa har ya yi ƙara, ya sake cika shi da ruwan zafi, ya miƙa masa. Sai da ya sha sannan suka tafi, Don Braulio riƙe da zarto.

Da ya ga aikin sai ya riƙe baki. "Waya! Kai, Nicasio, Allah ya shirye ka. Abu mai rai ake ɗaure wa waya? Tsumma ake sawa, sako-sako, a kwance bayan shekara."

"Herminda ce ta shuka," in ji Don Nicasio, kansa a ƙasa.

"Na sani. A wurina ta karɓi irin. Ranar da ka kayar da tawa na tsince kwanso na adana. Ni na ce mata ta jiƙa shi a ruwan zafi tukuna." Ya shafa kumburin. "Saman nan ya tafi. Yanke ƙasa da wayar, za ta tofo. Ka zaɓi mai ƙarfi ɗaya ka bari. In ta isa yin kwanso, ka riƙa tsincewa kafin shanu su gani, shi ke nan. Haka nake yi wa tawa."

Ya miƙa masa zarton. Mutumin da ya kayar da dubbai, yau ya kasa ɗora zarto a kan ɗan dashe. Don Braulio ya karɓe, ja biyar ya gama, ya goge zarton a wandonsa.

"Kwantar da hankalinka, sara ba ya kashe ta. Tawa ma da ta tofo in ba don gas ɗinka ba. Mahaifiyata ce ta dasa ta shekarar da ta haife ni."

"Me ya sa ba ka faɗa ba a lokacin?"

"Ka tambaya?"

Kafin wata guda tofo huɗu suka fito. Don Nicasio ya bar ɗaya, ya yagi tsohon zanen girkin Herminda ya ɗaure shi, ya kwashe kwanukan nan duka ya je ya kafa wa Don Braulio rumfa da su. Yanzu duk Lahadi can yake shan mate. Amma ku lura da yadda yake ajiye kujerarsa, har yau baya yake ba kututturen.