Gambar Iyaka

Ni fa har yau in na ji ana maganar bututun gas a rediyo sai raina ya ɓaci. Wai zai haura arewa, ya tsallaka iyaka, ƙasashen maƙwabta su saya, kowa ya amfana. To, madalla. Mu dai ta gonarmu ya bi, can bayan garin Ƙofa, na kuma san abin da ya bar mana.

Gonar ta kakanmu ce. Da ƙarfinsa ya ƙare sai ya raba ta tsakanin Baba da ƙaninsa, wanda muke kira Baffa, ya dasa gamba a tsakani kamar yadda ake yi a wajenmu. Gambar nan ita ce iyaka, amma ba ta taɓa raba su ba. Da kaka tare suke yanke ta su saƙa zana. Tuwo ma a akushi ɗaya Inna take zuba musu a zaure, tun kafin a haife ni.

Sai ga manyan motoci sun jeru a Kwanar Dangora da bututai, kowanne mutum zai iya rarrafe a cikinsa. Aka kafa jajayen tutoci, katafila ta biyo baya. Layin nasu kuwa ya bi kan gambar ɗoɗar. Baba ya roƙi direban ya bar ko tushe ɗaya, ya ce masa iyaka ce. Direban ya ce ai ciyawa ce, za ta sake fitowa. Ciyawa wai! Ina tsaye a wurin, da ƙyar na haɗiye abin da ya zo bakina.

Suka binne abinsu suka tafi, suka bar jar ƙasa fetal. Da damina ta matso Baba ya ce gambar saitin kukar da ke bakin gonar take, Baffa ya ce saitin tsamiyar da ke kusa da ita. Wallahi ba maƙaryaci a cikinsu, kowa abin da idonsa ya riƙe yake faɗa, kuma 'yan kunyoyi ne kawai a tsakani. Baffa ya yi huɗa har inda yake ganin nasa ne, Baba ya bi ya baje.

"Ashe dama jira kake," in ji Baba.

Daga ranar Baffa bai ƙara tako zauren ba. Mai unguwa ya sa baki, liman ya sa baki, duk a banza.

Baba ne ya fara saukowa, amma shi ba mutumin ban haƙuri da baki ba ne. Ya je fadama ya tono tushen gamba, ni na riƙe masa kwandon, ya dasa saitin tsamiya, daidai inda Baffa ya ce. Ya hana ni faɗa wa Baffa. So yake ƙaninsa ya je ya gani da idonsa.

Masu gadin layin suka riga Baffa zuwa. Suka tuge gambar kaf suka watsar, suka ce wannan zirin yanzu ba na kowa ba ne, ba shuka, ba fartanya. Ka ji fa, a kan ƙasar da aka riga aka ƙwace 'yan'uwa suka ɓata. Da Baffa ya iso, tushen gamba ya tarar warwatse, aka ce masa yayansa ne ya dasa. Sai ya ɗauka sabuwar iyaka Baba ya je ya yanka a ɓoye.

Na sami Baffa har gida, na rantse masa saitin tsamiya aka dasa. Ya dube ni ya ce, "Ɗa ai bayan ubansa zai bi."

Gas ɗin ko ya wuce ko bai wuce ba, oho. Inna dai da kara take girki, tana share hawayen hayaƙi. Har yanzu tuwon mutum biyu take zubawa a akushin nan, kullum rabi yana dawowa.