Shimfiɗar da Dakta Suwaiba Ta Bari a Ƙirjina

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Dakta, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, har Umma. Ranar Talata, tara ga Sha'aban, da Baba ya dawo ya ce Allah ya yi miki rasuwa, kaina na fara yi wa kuka kafin ke. Saura aikin tiyata na biyu a zuciyata bayan Sallah, kuma wadda ta san hanyar ta tafi. A raina na ce babu wanda zai sake buɗe ni.

Ina 'yar firamare kika yi mini na farko a Kano. Ko kallon idonki ba na iya yi. Kika ga littafin soyayyar Yaya Ikilima a ƙarƙashin filona, maimakon ki tona ni, sai kika tambaye ni ko yarinyar ta samu wanda take so. A littattafan nan kullum ana ba da zuciya ana karɓa. Ni dai mutum ɗaya na sani da ta taɓa riƙe tawa a tafin hannunta, ta kuma mayar mini da ita.

Mun je gaisuwa gidanku a Kausani, na raɓe bayan Umma. Can Dakta Muhyiddeen, wanda kika koyar, ya sa aka kira ni zaure gaban Baba. Ya ce idan ciwo yana warkewa, tabo kan manne zuciya da ƙashin ƙirji kamar ƙanzo a gindin tukunya, mai buɗewa na biyu yana iya yankar ta. Shi ya sa kafin ki rufe ni kika tsaya, kowa ya gaji, kika lulluɓe ta da wani siririn mayafi kamar ɓawon albasa. Ya ce kina kwance a ciwon ajali, numfashi da ƙyar, kika ce masa: "Afra ta Wudil tana nan tafe. Na yi maka shimfiɗa, ka shiga a hankali."

A hanyar komawa gida, har muka hau gadar Wudil hannuna yana kan tabon. Ashe tun ina ƙarama kin yi wa wani hannu tanadi, ko naki ko ba naki ba.

Allah ya jiƙanki, Dakta, ya yalwata makwancinki, ya sa Aljanna ce makoma. Allah ya ba mahaifiyarki Inna Hansai da 'ya'yanki haƙurin rashi.

Na ce wa Baba ya karɓo mana ranar aikin. Wannan takarda kuwa, da niyyata in ɓoye ta a cikin littattafaina. Amma Inna ba ta san abin da kika bari a ƙirjina ba. Gobe zan kai mata da hannuna, in ta ce in karanta, zan karanta.

Afra Haladu, Wudil