Kujerar Gaba

"Na ce wa kake kira a bayan rumbu?"

Muryar Susan ce ta ratso bangon ƙasa, ta iske Rachel a kicin tana tankaɗen garin masara da la'asar sakaliya. Bangon yana da kauri, amma akwai wata kafa can sama inda azara ta shiga, kuma duk abin da aka faɗa a ɗakin ƙaninta Auta da matarsa, ta nan yake zubowa.

"Ina ruwanki da wayata? Mai gyaran babur ne."

"Mai gyaran babur ne ba ka tuna shi sai an yi baƙo mai mota? Baban Mercy, ran da mai jar motar nan ya kwana ma haka ka yi. Washegari me aka ji?"

Auta ya juya harshe zuwa Gbagyi, ƙasa-ƙasa. Kwano ya faɗi. 

Rachel ta ci gaba da kaɗa rariya, alhali garin ya daɗe da ƙarewa.

Duk Birnin Gwari Mama Rachel ake ce mata. A wani ƙauye kusa da Dogon Dawa aka haife ta, can ta yi aure, can kuma mutanen daji suka tare mijinta Obed yana dawowa daga kasuwa, ba a sake ganinsa ba. Ta shigo gari da ƙunshin kaya ɗaya da Auta, wanda ta goya tun uwarsu ta rasu. Ta kama girki a gidan wani attajiri, Alhaji Salmanu. Da ya rasu 'ya'yansa suka tattara suka koma Kaduna, suka mai da tsohon gidan masauki, suka damƙa mata makullai.

Gida ne na da: zaure mai rufin soro, ƙofar katako mai ƙusoshin maƙera, randuna a jere, tasoshin uwargidan Alhaji rataye a bango. Mutanen birni na son irin wannan. Su shafa bango, su ɗauki hoto, su ce tarihi. Amma ba don tarihi suke kwana ba. Rana ce ke yi musu sanyi a hanya, kuma babu mai hankalin da zai shiga dajin nan da yamma.

Dokar Rachel ɗaya ce, kowa a gidan ya san ta: ba a tambayar baƙo inda za shi, ba a tambayar yaushe zai tashi. Ko karin kumallo ba ta tambayar lokacinsa. Kunu na kan wuta tun asuba har hantsi, mai tafiya ya sha ya tafi. A garin nan lokacin tashin mutum kamar asirin cikinsa ne, ko maƙwabci ba a gaya wa.

Baƙon ranar bai san wannan ba. Injiniya Abdulfattah ne, mai haƙa rijiyoyin burtsatse, mutum mai fara'a da sakin baki. Tun saukarsa da azahar ya miƙa wa Auta makullin mota a tsakar gida, da murya kamar mai shela.

"Abokina, a wanke mini ita. Gari na wayewa zan kama hanyar Funtua, ina so in wuce Dogon Dawa kafin rana ta ɗaga."

Haka ya saba yi a otal-otal na Kaduna. Rachel ta ga yadda Auta ya sunkuyar da kai yana juya makullin, a lokacin ba ta kawo komai a ranta ba.

Yanzu ta kawo. Mai jar motar ma, wanda mutanen daji suka ɗauke a hanya washegari, Auta ne ya wanke masa mota.

Ta ajiye rariya ta zauna a kan turmi. Ofishin 'yan sanda ba nisa, 'yan sa-kai ma ta san shugabansu. Ta kuma san abin da ake yi wa wanda aka ce ɗan leƙen asirin daji ne, ba a jiran shaida. In ƙarya ce fa? Susan mace ce mai zafin kishi, ko kaza ta kalli mijinta sai ta yi magana. In kuwa gaskiya ce, gobe mutumin nan mai yawan dariya zai shiga inda Obed ya shiga.

Akwai wani abu kuma da ba ta so ta duba a zuciyarta. In aka ɗauke baƙo na biyu daga gidan nan, mutane za su fara haɗa ɗaya da ɗaya, 'ya'yan Alhaji su karɓe makullai. Shin baƙon take tsoron rasawa, ko ƙaninta, ko rufin da ke kanta? Ta tashi ta ɗora tukunya.

Da ta kai wa Injiniya tuwo kafin magariba, yana tsaye yana ɗaukar hoton ƙofar zaure.

"Mama Rachel, wannan ƙofa ai ta girme mu duka! Ba a taɓa ɓalle ta ba?"

"Ɓarawon yanzu ba ya ɓalle ƙofa, Injiniya. Ka ci da zafinsa."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne.

Gari ya waye da hadari a gabas, ba iska, ko tsuntsayen darbejiya ba su yi kuka ba. Injiniya ya sha kunu, ya jefa jaka a bayan mota. Auta na gefe yana goge gilashin da ya riga ya bushe. Susan ta leƙo daga ɗaki da Mercy a baya, idanunta a kumbure.

Rachel ta fito ta tsaya a bakin zaure, ta dafa ƙofar nan mai ƙusoshi.

"Injiniya, alfarma nake roƙo. Ƙanina zai je Funtua ya sayo mini kayan miya. Ka rage masa hanya."

"Haba Mama, wannan ai ba roƙo ba ne. Shigo, abokina, na samu abokin hira."

Tsumman ya tsaya a hannun Auta.

"Yaya, wane kayan miya? Jiya fa aka yi cefane."

"Ka shiga gaba. Kai ka san hanya."

"Akwai aiki a gida. Ruwa ma ban ɗebo ba."

"Susan za ta ɗebo."

Ya dube ta. Ta san wannan kallo tun yana yaro, in ya sha zumar da aka ɓoye ya manta bai goge baki ba. Ta roƙi Allah a ranta ya buɗe ƙofar motar ya shiga yana gunaguni, ta yi asarar kayan miya, ta ba Susan rashin gaskiya. Injiniya ya tayar da mota, ya miƙa hannu ya tura masa ƙofa.

Auta bai matsa ba. Gumi ya tsatso masa a goshi duk da sanyin safiya. Hannunsa ya tafi aljihu.

"To bari in ɗan zaga baya, in yi waya ɗaya. Yanzu zan dawo."

Susan ta saki labule ta koma ciki. Rachel ba ta saki ƙofar ba. Ta gyara tsayuwa ta cike bakin zauren, yadda babu ta inda zai wuce.

"Injiniya, kashe motar, yau ma kai baƙona ne." Ta juyo ga ƙaninta. "Kai kuma yi wayarka a nan, Auta. Ka gaishe mini da mai gyaran babur, ka tambaye shi ko ya san inda Obed yake."